Tiyatar gyaran ciki a Santo Domingo, jinyar wata tara a Jidda: nazarin lamarin wata mata

Matar da matsalarta kafin 2023

Matar da wannan nazari ya shafa Bahaushiya ce 'yar Jidda, shekararta 41 a lokacin. Kakanta na wajen uba ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa Sudan, ya haye teku daga Sawakin, ya yi hajji ya zauna. Ita da iyayenta duk a nan aka haife su, kuma 'yan ƙasa ne. 'Ya'yanta biyar, biyun ƙarshe da tiyata aka ciro su. Sana'arta ƙunshi da gyaran amare da haɗa turaren wuta, don haka daga ƙaramar salla har a koma makaranta ba ta da lokacin kanta saboda bukukuwa. Ta amince a ba da labarin bisa sharaɗin a sakaya sunanta.

Tun haihuwarta ta ƙarshe a 2019 cikinta bai koma ba. Tsokoki biyun da ke sauka daga ƙirji zuwa mara sun rabu, abin da kan faru ga matan da suka yi haihuwa da yawa. Hoton da aka ɗauka a Janairun 2023 ya nuna tazarar santimita 5 a tsakaninsu, da 'yar ƙaba a cibiya. Fatar ciki ta sauko ta rufe tabon tiyatar haihuwa, kuma a zafi da gumin Jidda wurin ba ya rabuwa da ƙaiƙayi da saɓa. In ta yi awa uku a sunkuye tana zana wa amarya lalle, bayanta kan riƙe. Nauyinta kilo 84, tsawonta santimita 164, wato ma'aunin ƙibarta 31, ta ɗan haye layin da likitoci ke kira ƙiba. Ga kuma bakin mutane: ta ce ba bikin da za ta je ba a samu wadda za ta shafa mata ciki ta ce Allah ya raba lafiya ba.

Janairu zuwa Maris 2023: abin da aka ce mata a gida

Ta fara zuwa wurin wani likitan gyaran jiki a wani asibitin kuɗi a Jidda, mai rajista da Hukumar Ƙwarewar Kiwon Lafiya ta Saudiyya. Ya duba ta ya ce aikin yana yiwuwa, amma sai ta rage kilo 10, yawan jininta ya ƙaru daga 11.2, sukarinta da ke bakin iyaka ya sauko. Ya ba ta wata shida, ya yanke mata riyal 38,000. Inshorar wurin aikin mijinta ba ta ɗaukar tiyatar ƙawa. A asibitin unguwa kuma aka ce za a iya ba ta tahawil, wato takardar tura majinyaci, zuwa babban asibitin gwamnati a gyara ƙabar kyauta, amma ba za a cire fatar ba. Ita kuwa fatar ce ta fi damun ta.

Mijinta bai hana ba, sai dai ya ce a tambayi malamai. Malamin da suka tambaya ya kawo musu matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda. A zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, majalisar ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa yadda take ko take kawar da aibin da ke cutarwa, ta kuma hana wadda ake yi don sauya halittar da ba ta da aibi saboda kwaikwayon wasu. Ya ce mata ɗinke tsoka da cire fatar da ke sa mata ciwo suna cikin na farko. Ƙara girman wani sashe na jiki yana cikin na biyu.

Afrilu 2023: yadda tsibirin ya shigo maganar

Tana da 'yar goggo da ke aure a unguwar Bronx ta birnin New York, inda mutanen Afirka ta Yamma ke maƙwabtaka da 'yan Jamhuriyar Dominikan masu yawa. Wannan ƙasa tana gabashin tsibirin Hispaniola a tekun Karibiyan, tana raba shi da Haiti, kuma babban birninta Santo Domingo ya daɗe da zama kasuwar tiyatar ƙawa ga matan Amurka, domin tafiyar ba ta wuce awa huɗu a jirgi daga New York. 'Yar goggon ta ga maƙwabtanta sun je sun dawo da ciki a shafe. Ta turo mata shafin wani asibiti a Instagram da lambar wata mai shirya wa baƙi tafiya.

Cikin azumi aka yi cinikin, duk ta WhatsApp. Ta tura hotuna huɗu da nauyinta. Washegari aka turo farashi: dala 5,200, wato riyal 19,500, a cire fata, a ɗinke tsoka, a zuƙe kitsen kwiɓi da baya, da kwana tara a gidan jinya, da ɗauko ta daga filin jirgi. Ba a ce ta rage ko kilo ɗaya ba. Mai shiryawar ta ƙara da cewa tunda kitsen zai fito, in ta cika dala 600 sai a zuba mata shi a mazaunai, yawancin mata haka suke yi. Ta ce a'a, malam ya riga ya yi magana.

Ta kwashi adashenta, ta sayar da warwaro biyu. Tana da bizar Amurka tun wata ziyara da ta gabata. Mijinta da yayarta mace ne kawai suka san gaskiyar tafiyar. Mahaifiyarta da sauran dangi an ce musu ziyara za ta je New York. Yayar ta ce mata, "Ke, araha ba ta ado. Ki bi maganar likitan nan ki jira." Ta amsa, "Yaya, in na jira wata shida bukukuwan bana sun wuce ni a haka."

14 zuwa 27 ga Mayu: tiyata da gidan jinya

Ta sauka Santo Domingo ranar Lahadi 14 ga Mayu tare da 'yar goggon. Ranar Litinin aka yi gwaje-gwaje, aka ga jinin bai kai 12 ba, aka yi mata ƙarin ruwa mai sinadarin ƙarfe da kuɗi daban. A ranar ta fara ganin likitan ido da ido, na kusan minti goma sha biyar, da tafinta, domin Sifaniyanci yake yi. Ranar Talata 16 ga Mayu aka yi aikin, awa huɗu da rabi. Ta kwana ɗaya a asibiti aka mayar da ita gidan jinya.

Gidan jinyar gida ne na zama da aka cika da gadaje, mata shida zuwa takwas, masu kula da su biyu. Akwai abin da aka yi daidai: an yi mata allurar hana daskarewar jini kowace rana, an matsa mata ta riƙa tashi tana takawa tun kwana na biyu. Daga kwana na uku aka fara tausa kullum don fitar da ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata. Mai tausar takan ɓanɓare ƙananan ramukan da aka zuƙi kitse ta matse ruwan ya fito, sannan a wanke jiki da ruwan famfo a banɗaki, a mayar da rigar matsi. An cire robar tsiyayar da ruwa a kwana na takwas. A kwana na tara ta hau jirgi zuwa New York, ta kwana biyu, ta yi tafiyar sama da awa goma sha ɗaya zuwa Jidda. Abin da ta riƙo daga asibitin takarda ɗaya ce ta sunayen magunguna da Sifaniyanci. Ba rahoton aikin da aka yi, ba sakamakon gwaji.

Haɗarin da ya fi kisa a irin wannan tafiya bai same ta ba. A Janairun 2024 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton cewa 'yan Amurka 93 sun mutu bayan tiyatar ƙawa a Jamhuriyar Dominikan tsakanin 2009 da 2022, mutum 17 daga ciki a 2020 kaɗai. A gawarwakin da aka bincika, akasari kitse ne ya shiga jijiya ya toshe huhu, ko kuma gudan jini. Yawancin mamatan suna da ƙiba, an haɗa musu ayyuka da dama a zama ɗaya, kuma zuba kitse a mazaunai yana cikin abin da aka yi wa mafi yawansu.

Yuni zuwa Agusta: magani uku da ba su ci ba

Makonni huɗu na farko lafiya lau. Ɗinkin ya kama, ciki ya shafe, har ta karɓi aikin amare biyu. Wajen 20 ga Yuni, mako biyar bayan tiyatar, ƙulluttai biyu masu tauri suka fito a kwiɓinta na hagu, daidai ramukan zuƙar kitse. Ba zazzaɓi, zafin kaɗan ne. Ta tura hoto ga mai shirya tafiyar, aka ce ruwa ne ya taru, ta ci gaba da tausa ta ƙara matse riga.

Ranar 24 ga Yuni ta je wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ta ce wa likitan an yi mata tiyata wata guda da ya wuce. Bai tambaye ta a ina ba, ita ma ba ta faɗa ba. Dalilinta biyu: wata 'yar unguwarsu tana aiki a wurin karɓar baƙi, sannan ta ji ana cewa in aka rubuta a fayil cewa a waje aka yi aikin, asibitin gwamnati ba zai karɓe ta ba. Ya ce maruru ne, ya rubuta amoksisilin mai haɗi na kwana bakwai. Aka yi babbar salla ranar 28 ga wata tana shan magani, ƙulluttan suka zama biyar, ɗaya ya fashe yana fitar da ruwa-ruwa mai launin ƙasa.

Ranar 9 ga Yuli ta canza asibiti. Likitan fiɗa ya tsaga biyu ya fitar da mugunya, ya dangwali kaɗan da auduga ya tura ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ba abin da ya tsiro. Aka ba ta siprofuloksasin da kilindamaisin na mako biyu, ana wanke mata ciwon duk bayan kwana biyu. Inda aka tsaga bai rufe ba, sababbi suka ɓullo a kan dogon ɗinkin mara. A wannan tsakanin mai shirya tafiyar ta daina amsa saƙo, likitan kuma ya turo layi ɗaya cewa in ta dawo Santo Domingo zai duba ta kyauta.

A Agusta ta koma na gida: zuma, man habbatus sauda, da ruwan mur da matan Hijaz ke wanke ciwo da shi. Warin ya ragu, bakin ciwon ya yi tsabta, amma ramukan suna ta haɗewa ta ƙarƙashin fata. Ta rame kilo 7, ta mayar wa amare uku kuɗinsu, ta daina zuwa gaida mahaifiyarta don kada a ga yadda take tafiya.

27 ga Agusta zuwa tsakiyar Satumba: gano cutar

Daren 27 ga Agusta zazzaɓi ya kai 38.9, mijinta da yayarta suka kai ta sashen gaggawa na wani babban asibitin gwamnati. A mota yayar ta ce, "Yau ko ki faɗa wa likita inda aka yanka ki, ko ni in faɗa." Ta ce, "Yaya, ki rufa min asiri, kada Inna ta ji." Yayar ta ce, "Gara Inna ta ji ciwo da ta ji rasuwa." Aka faɗa, kuma ba wanda ya kore ta. An kwantar da ita a daren.

Da safe aka kira likitar cututtuka masu yaɗuwa. Da ta ji sunan ƙasar, da zuƙar kitse, da mako biyar kafin ƙurji ya fito, da gwajin da ya ce ba komai, da magunguna uku da ba su ci ba, sai ta ce tana zargin wata ƙwaya 'yar dangin ƙwayar tarin fuka, wadda ke rayuwa a ruwa da ƙasa. Hoton ciki ya nuna tarin mugunya guda tara a ƙarƙashin fata, babban ya kai santimita 4, ba wanda ya ratsa cikin ciki. Ranar 29 ga Agusta aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka kankare ruɓaɓɓen nama, aka tura yanki guda ɗakin gwaji da umarnin a shuka shi irin shukar da ake yi wa ƙwayar tarin fuka, a kuma ajiye shi. A kwana na biyar ta tsiro. Sunanta Mycobacterium abscessus.

Wannan ya warware abin da ya ɗaure wa kowa kai. Gwajin mugunya na yau da kullum kwana biyu zuwa uku ake ajiye shi a zubar, ita kuwa wannan ƙwaya takan kai kusan mako kafin ta bayyana, kuma an fi samun ta a yankin nama fiye da a dangwalen auduga. Ɓawonta mai kitse ne, shi ya sa take jure wa sinadarin kulorin da ke ruwan famfo da wasu magungunan wanke kayan aiki, take kuma jure wa yawancin magungunan da ake rubutawa don maruru, har da na tarin fuka kansa. Likitar ta lissafa hanyoyin da takan bi ta shiga: kayan aikin da ba a dafa sosai ba, ruwan da ake ɗura wa fata kafin a zuƙi kitse, ko ruwan famfo a kan ciwon da bai rufe ba. Ba sabon abu ba ne ga likitocin da suka karanta labarinta. Tsakanin 2013 da 2014 hukumomin lafiya a Amurka sun tattara mutum 21 a jihohi shida da suka dawo da ita ko 'yan uwanta bayan tiyatar ƙawa a Jamhuriyar Dominikan. An kuma kwantar wa mijin da hankali cewa ba tarin fuka ba ne, yara ba za su ɗauka daga zama da ita ba.

Satumba 2023 zuwa Maris 2024: maganin da ya ci

Magani ɗaya ba ya kashe wannan ƙwaya, kuma magani kaɗai ba tare da wuƙa ba ba ya isa. An fara mata uku a lokaci guda: amikasin da imipenem ta jijiya, azitromaisin ta baki. Akwai gwajin da sai an jira kwana 14, domin wasu nau'o'in ƙwayar sukan nuna kamar azitromaisin yana cin su a farko, daga baya su taurare masa. Tata ta faɗo cikin waɗanda yake ci, kuma likitar ta ce wannan ne babban abin da ya sauƙaƙa jinyar.

An sake kankare ciwon sau biyu, ranar 12 ga Satumba da 3 ga Oktoba. An sa mata doguwar roba a jijiyar hannu, ana duba ƙoda sau biyu a mako, ana gwada ji duk bayan mako biyu. A mako na shida kunnenta na hagu ya fara ƙara, gwaji ya nuna ta fara rasa jin siraran sauti, nan take aka tsayar da amikasin aka sa tigesaikilin. Wannan kuma amai ya sa ta, har ta roƙi a bar shi. An rage mata wahalar da maganin amai ta ƙarasa. Bayan mako takwas aka cire robar, ta ci gaba da azitromaisin da linezolid ta baki, ana duba jininta kowane mako. Ramin ƙarshe ya rufe a Disamba. An tsayar da magani a ƙarshen Maris na 2024, cikin azumi, wata shida da 'yan kwanaki da farawa.

Mahaifiyarta ta ji labarin a mako na farko na kwanciyar. Ta zo da kunun gyaɗa, ta ce, "Da kin faɗa min da na hana ki, amma tunda an yi, ai ni ce mai jinya." Ita ta riƙe yaran har aka sallame ta.

Inda aka tsaya

A duba na Satumbar 2024 ba ƙurji, hoto bai nuna mugunya ba. Tsokar da aka ɗinke ta riƙe, ciwon baya ya ragu sosai. Ciki da kwiɓi suna ɗauke da tabo goma sha ɗaya masu lotsawa ban da dogon ɗinkin. Jin kunnen hagu bai dawo yadda yake ba.

Ga lissafin kuɗi: riyal 19,500 na asibiti, 7,400 na tikitocinta, 4,600 na tikitin mai rakiya da ƙarin ruwa da rigar matsi da magunguna, jimla 31,500. Asibitocin kuɗi daga Yuni zuwa Agusta sun ci 5,800, ya zama 37,300. Jinyar asibitin gwamnati ba ta biya ba saboda 'yar ƙasa ce. Baƙuwa mai iƙama, wato takardar izinin zama, da ta faɗa irin wannan hali, inshora na iya cewa ciwon ya samo asali ne daga tiyatar ƙawa, nauyin ya dawo kanta. Bukukuwan 2023 kuma ba ta yi su ba.

Abin da nake gani

Ban yarda da masu cewa kwaɗayin ƙawa ne ya kai ta ba. Tsokar da ta rabu santimita 5 da fatar da ke saɓewa duk bazara ciwo ne, kuma matan da ke shafa mata ciki a gidan biki suna da nasu kason a gaggawar da ta yi. Haka nan ba zan ce Jamhuriyar Dominikan ba ta da ƙwararru ba. Tana da ƙungiyar likitocin gyaran jiki mai suna SODOCIPRE da ake iya duba sunan likita a cikinta, kuma ɗinkin tsokar da aka yi mata ya riƙe har yau.

Aibin yana cikin tsarin cinikin. An sayar mata da kulawar kwana tara, alhali ƙwayar da aka san tana bin irin wannan aiki sai bayan makonni take fitowa. Ranar da ƙurjin ya ɓullo, wanda ya yanka ta yana wata nahiya, ba takardar da ke faɗin abin da ya yi, kuma ba likita ko ɗaya a Jidda da ke ganin ciwon nasa ne. Likitan da ya ce ta jira wata shida, cikin riyal 38,000 ɗinsa har da wannan: ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a mako na biyar. Wanda ya yanke mata farashi da hoto huɗu bai sa ta rage nauyi ba domin ba shi zai ga abin da zai biyo baya ba. Ƙin yarda da ta yi a zuba mata kitse, wanda don addini ta yi shi, ya cire ta daga aikin da ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka mutu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mako taran da ke tsakanin 24 ga Yuni da 27 ga Agusta. A cikinsu ƙulluttai biyu suka zama tarin mugunya tara, kuma yawancin tabon da ke jikinta na wannan lokacin ne. Shirunta yana da laifi, amma nauyin ya fi yawa a kan asibitoci biyun da suka ga sabon ɗinki daga ƙugu zuwa ƙugu ba su tambayi inda aka yi shi ba, suka kuma ga mugunya a fili da sakamakon da ya ce ba komai, ba su yi shakkar sakamakon ba. Mace mai jin kunya za ta iya ɓoye abin da ba a tambaye ta ba, amma da wuya ta ƙaryata likitan da ya rufe ƙofa ya tambaye ta kai tsaye. Gwajin da ya gano cutar a kwana biyar yana nan a manyan asibitocin Jidda tun ranar 9 ga Yuli da aka fara tsaga ta, kuma abin da yake buƙata yankin nama ne da layi ɗaya a takardar tura gwaji.